Ƙadangaren ɗana ya kwana tara bai yi kashi ba, ku taimaka

Mai tambaya, daga Manchesta:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah kada a yi min dariya. Ɗana mai shekara 11 ya matsa lamba sai da babansa ya saya masa ƙadangaren nan na Ostiraliya mai ƙayoyi a maƙogwaro, wanda Turawa ke ce wa bearded dragon. Ni da na taso ina korar 'yan uwansa da tsintsiya a tsakar gidanmu a Zariya, yanzu ni ce mai ba shi abinci idan yaro ya tafi makaranta. Watansa bakwai. Yau kwana tara bai yi kashi ba, alhali da kusan kullum yana yi. Ya rage ci, cikinsa ya yi tauri, jiya kuma na lura yana ɗan jan ƙafafunsa na baya. Tsutsar nan mai ɓawo da ake sayarwa a kanti muke ba shi, sai latas. Yashi muka shimfiɗa masa a akwatin gilas, ga ƙwan fitila ɗaya, mun kuma ajiye shi bakin taga ya riƙa samun rana. Yaron ko abincin dare bai ci ba jiya. Me zan yi?

Wani ɗan'uwa:
Hajiya, wannan shi ne ƙadangaren bakin tulu na gaske. A bar shi yaro ya yi ta kuka, a kai shi asibiti aljihun Alhaji ya yi kuka. Allah ya ba shi lafiya.

Wata 'yar'uwa mai kiwonsu a Amurka:
Wa alaikumus salam Yaya. Biyu gare ni, babban ya shekara shida. Kafin maganar abinci, nawa ne zafin wurin da yake shan fitila? In ba ki da ma'auni, saya yau. Jikin waɗannan halittun ba ya samar da ɗumi da kansa kamar namu, zafin waje ne ke narkar musu da abinci. Dutsen da yake kwanciya a ƙarƙashin fitila ya kamata ya kai digiri 38 zuwa 42 a ma'aunin Celsius, ɗaya ɓangaren akwatin kuma kamar 25, don ya samu wurin gudu in zafi ya ishe shi. Idan ɗumin bai kai ba, abincin zama yake yi a ciki kamar tuwon da aka sauke bai nuna ba.

Sai yashin nan. Kwashe shi yanzu. Duk sanda ya kai wa tsutsa cafka yana haɗiyewa da yashi, ga ɓawon tsutsar shi ma da wuyar narkewa ga ƙarami, su haɗu su toshe hanji. Shimfiɗa masa takardar goge hannu ta kicin ko tayil. Ribar takarda ita ce kina ganin kashinsa sarai: lafiyayye yana da baƙi-baƙi a dunƙule da ɗan fari mai laushi a gefe, farin nan shi ne fitsarinsa. In farin ya bushe ƙamas ko ya koma ruwan ɗorawa, ruwa bai ishe shi ba.

Wani mamba:
Ki ɗura masa man zaitun cokali ɗaya, zai sauka.

Wata mai aiki a asibitin dabbobi:
Don Allah Malam a'a. Ɗura wa ƙadangare abu da ƙarfi na iya sa ya shaƙe, man ya wuce huhu. Abin da za ki iya yi a gida shi ne ki sa shi a ruwa mai ɗumi-ɗumi, iya kafaɗarsa, minti 10 zuwa 15, kina tsaye a kansa, kina shafa cikin a hankali daga ƙirji zuwa jela. Banda matsawa.

Amma ni abin da ya tsaya min a rai jan ƙafar nan ne. Abu biyu ke kawo shi. Ko dai abin da ya toshe ya yi girman da yake danne jijiyoyin baya, ko kuma ƙashinsa ya fara laushi saboda rashin kalsiyam. Na fi zargin duka biyun, domin kin ce fitila ɗaya ce. Suna buƙatar fitila ta biyu, doguwa, mai hasken UVB (wani sashe na hasken rana da ido ba ya gani), awa 12 a rana. Da wannan hasken fatarsu ke haɗa bitamin D3, in babu shi ko buhun kalsiyam kika ba shi jiki ba zai ɗauka ba. Ranar taga ba ta da amfani a nan, gilas yana tare UVB, balle ranar Manchesta da sai an yi sa'a. Fitilar ma ƙarfinta na raguwa tana ci gaba da haske, ana canza ta bayan wata shida zuwa shekara, gwargwadon irinta.

Wani zai ce miki barcin hunturu ne, tunda sukan lafe su daina ci idan sanyi ya shigo. Wannan ya fi faruwa ga waɗanda suka haura shekara, kuma ba ya zuwa da taurin ciki da jan ƙafa. Nemi likitan da ya san dabbobi masu rarrafe gobe, ba kowane likitan kare da kyanwa ba. In ya yi kashi kafin nan, ɗauki sabo a leda ki tafi da shi a duba tsutsar ciki.

'Yar'uwar Amurka ta ƙara:
Idan ya warware, canza masa cima. Mai wata bakwai ƙwari ne mafi yawan abincinsa, sai ya girma lissafin ya juye, ganye ya zama kusan kashi 80 cikin ɗari. Gyare da fara masu rai ana sayar da su a kantin dabbobi nan wurinku, farar nan dai da muke soyawa da yaji. Kada ƙwaro ya fi tazarar da ke tsakanin idanunsa girma, ki kuma barbaɗa musu garin kalsiyam kafin ki zuba. Latas ruwa ne zalla. Ba shi ganyen roket, goggaggiyar kabewa, kuɓewa jefi-jefi. Alayyafo kaɗan ƙwarai, yana riƙe kalsiyam. Fiya (avocado) da albasa kada ma su kusance shi. Ki ja wa yaron kunne kada ya kamo masa ƙwari a lambu saboda maganin feshi. A nan Amurka ƙwaron nan mai walƙiya da dare guda ɗaya tak yana kashe su. Abincin ƙarshe ya zama saura aƙalla awa biyu a kashe fitila. Sannan wanke hannu da sabulu bayan an taɓa shi, suna iya ɗauke da ƙwayar cutar salmonela mai sa gudawa, kuma ba a wanke kwanonsa inda ake wanke-wanke.

Mai tambaya, bayan kwana huɗu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na auna dutsen, digiri 29 na samu, kunya ta kama ni. Likita ya ɗauki hoto, ya nuna min dunƙulen yashi a hanji, ya ce ƙashin ma ya fara sirancewa amma an zo da wuri. Ya yi masa allurar ruwa, ya ba mu kalsiyam na ɗigawa. Mun kwashe yashi, mun sa fitilun biyu. Yau da safe yana cikin ruwan ɗumi ya sake shi, wari ya cika banɗaki, yaro na ta tsalle yana kiran babansa a waya. Ƙafar hagu har yanzu da ɗan saura, za mu koma bayan mako biyu. Tambayata yanzu, farar nan da na sayo, me ake ba su su ci kafin shi ya cinye su? Tun jiya uku sun mutu a roba.