Mastodon a kan Docker: a gida yana buɗewa, a waje shiru

Sabo_Fagge:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙungiyarmu ta tsofaffin ɗalibai ta gaji da hayaniyar guruf ɗin WhatsApp, sai aka ɗora mini aikin kafa mana Mastodon namu na kanmu, wato dandalin sada zumunta da kowa zai iya kafawa a kan sabarsa. Ina da tsohuwar laftof mai RAM giga 4, na sa mata Ubuntu da Docker, manhajar da ke gudanar da kowane shiri a cikin keɓaɓɓiyar kwantenarsa. Kwantenoni biyar ɗin da ke cikin docker-compose.yml duk sun tashi: db, redis, web, streaming da sidekiq, kuma na sa Nginx a gabansu don ya riƙa karɓar masu shigowa yana miƙa musu. A cikin gida shafin yana buɗewa, amma na waje ba ya samunsa. Da MiFi nake amfani, na buɗe ƙofa ta 443 da ake bi a shiga shafin, har yanzu shiru. Ina gizo ke saƙar?

Injiniya_Rabi:
Wa alaikumus salam Malam Sabo. Docker ɗinka lafiyarsa lau. Layukan intanet na waya galibi suna bayan abin da ake kira CGNAT, wato kai da ɗimbin mutane adireshin IP ɗaya kuke rabawa, don haka ƙofar da ka buɗe ba ta kai ga waje ba. Duba adireshin da MiFi ɗin ya nuna. In ya fara da 100.64 zuwa 100.127 ko da 10, to shi ne. Cloudflare Tunnel, wanda ke haɗa shafinka da waje ba tare da buɗe ƙofa ba, zai fitar da kai, shi ma kwantena ɗaya ne. Amma ni da hayar ƙaramar saba zan yi, wato kwamfutar da ke kunne kullum a intanet. Duk sanda aka ɗauke wuta, sauran sabobin Mastodon za su yi ta turo saƙo ba mai karɓa, in abin ya daɗe su daina.

Dan_Maradi:
Yallaɓai, kafin komai ka tsayar da sunan yankin da za ka rubuta a LOCAL_DOMAIN, wato saitin da ke zama adireshin Mastodon ɗinku. Da zarar kun fara hulɗa da wasu sabobi, ba a canza shi, sai dai a rushe a sake gini. Kada ka ce bari in gwada da na wucin gadi.

Sannan faifai. Mastodon yana ajiye kwafin hotuna da bidiyon duk wanda mutanenku ke bi a wasu sabobi, kafin ka ankara ya cika. Sa wannan ya riƙa gudana duk mako:

`docker compose exec web bin/tootctl media remove --days=7`

Ko ka duba GoToSocial, madadin Mastodon: kwantena ɗaya, da rumbun bayanai na SQLite, ba ya cin RAM sosai. Sai dai ba shi da shafin yin rubutu, kowa sai ya yi amfani da manhaja irin su Tusky.

Sabo_Fagge:
Hajiya, kin canka, 100.72 ya nuna. Zan kai maganar kuɗin haya gaban ma'aji. In zan ƙaura zuwa sabar haya, kwafe jakar rumbun bayanai ta postgres14 kawai ya isa?

Injiniya_Rabi:
A'a, kada ka kwafe ta alhali kwantenar na aiki. Yi amfani da pg_dump ka fitar da kwafin rumbun bayanan, ka haɗa da jakar public/system da fayil ɗin .env.production, domin makullan sirrin duk suna cikinsa.