Wai me za mu kira "service sector" da Hausa?

Jama'a, a taimaka da shawara. A labaran tattalin arziki muna cewa ɓangaren noma, muna cewa ɓangaren masana'antu, amma da an zo kan na ukun sai kowa ya kama gabansa. Alhali a lissafin Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa shi ne ke samar da fiye da rabin arzikin cikin gida na Najeriya, ya ninka man fetur sau da yawa.

Ina nufin duk sana'ar da ake biyan mutum ba don ya noma ko ya ƙera wani abu ba: banki, waya, sufuri, koyarwa, asibiti, saye da sayarwa, har wanzami da mai POS da ke zaune ƙarƙashin lema a bakin kasuwa.

Wasu na cewa "ɓangaren ayyuka". Ban gamsu ba, ai noma ma aiki ne. "Sabis" kuwa ya riga ya zama na waya da na gyaran mota. "Aikatau" na 'yan aikin gida ne, babu manajan bankin da zai yarda a liƙa masa.

Saura "hidima". Wani malami ya yi mini gyara cewa hidima a kunnen Bahaushe ta biki ce da ta iyaye, wadda ba a karɓar ko sisi a kanta. Gaskiyarsa, Allah ya ƙara masa sani. Shi ya sa nake ganin a sa mata "sana'a" a gaba: sana'o'in hidima. Da an ce sana'a, an san da kuɗi a ciki.

Abin ba na wasa ba ne. A 2014 da aka sabunta lissafi, aka shigar da kamfanonin waya da harkar finafinai yadda ya kamata, tattalin arzikin Najeriya ya kai kusan dala biliyan 510, ya zarce na Afirka ta Kudu. Kafin 2001 ko layin GSM babu. A daidai shekarun nan masaƙun Kaduna da na Kano suka yi ta rufewa, da yawa daga ma'aikatansu suka koma acaba da tireda. To MTN da ɗan acaba duk suna ƙarƙashin suna ɗaya, kuma nan gaba dole a yi muhawara kan wanne irin ne zai riƙe ƙasa, mai albashi da fansho ko na neman na cefanen yau.

'Yan'uwa na Nijar, ku me gidajen rediyonku ke cewa? In babu wadda ta fi, ni dai daga yau "sana'o'in hidima" zan riƙa rubutawa.