Kyamarar ƙofa tana yin fari fat da daddare

Assalamu alaikum. Don Allah masana harkar CCTV ku taimaka min. Kyamarori huɗu na sa a gida, masu gani cikin duhu da infrared, wato hasken da kyamarar ke fitarwa wanda idon mutum ba ya gani. Da rana hoto tsaf, har lambar mota ana karantawa. Amma da zarar magariba ta yi, ta bakin ƙofa sai ta yi fari fat, fuskar mutum ba ta fitowa. Na goge ƙurar hunturu, na share yanar gizo-gizo, duk a banza.

Mai murfin ƙoƙo ce, kuma daf take da farar katanga. Haskenta ne ke dawowa daga bangon? Ko adaftar 12V ce ta gaza, tunda wayar ta kai mita 30? In sai an canja, wace iri zan saya?