Zaɓen garin bakin teku idan za a ƙaura da yara

Shawarar da ta fi yawa ita ce kada a yi gaggawar sayen gida. A kama haya ta wata 6 zuwa 12 tukuna, a ga garin lokacin sanyi, domin garuruwan yawon buɗe ido sukan yi tsit in baƙi sun watse, aiki ma ya yi ƙaranci.

A fara neman makaranta kafin gida, don a wurare da dama adireshi ke tantance makarantar yaro. A duba taswirar da ke nuna wuraren da ake samun ambaliya, a tambayi kuɗin inshorar gida. Iskar gishiri tana cin ƙarfe. A leƙa bayan kabad, in bango ya yi baƙin danshi, yaro mai asma zai wahala. A koya wa yara iyo tun zuwansu.