Musayar Waƙa a Kan Agirikola, Gwamnan Birtaniya

Mai buɗe fage:

Malamai, ku ba ni fage in waƙe Agirikola,
Gwamnan da Rum ta naɗa a tsibirin Birtaniya.
An haife shi a shekara ta 40 miladiyya, a kudancin Faransa ta yau,
Yana saurayi ya shiga soja, ya bar wasan ƙuruciya.
A hannun Faulinus, gwamnan lokacin, ya koyi yaƙi, a zamanin da Budika
Ta ƙone Landan ƙurmus, ita ce jarumar sarauniya.

Malama ta amsa:

Yayana, ka yi daidai, amma ka bar ni in ƙara,
Domin yaƙin tsibirin Mona, a gaɓar Wales ta yau, shi ne ya fi cancantar tunawa.
Da ya dawo a matsayin gwamna, bayan ya taɓa riƙe runduna ta 20,
Ya murƙushe Ordobisawa, wata ƙabilar Wales, ya nufi tsibirin ba tsayawa.
Ba shi da jiragen ruwa, sai ya zaɓo gwanayen iyo,
Suka ajiye kaya, suka faɗa ruwa da dawakansu suna hayewa.
Mutanen tsibirin sun zuba ido suna jiran jirage,
Sai ga mayaƙa a gaɓa, dole suka nemi sasantawa.

Dattijo ya ja hankali:

'Yata, kin burge ni, amma mu tuna wa ya ba da labarin:
Tasitus ne, marubucin tarihi, wanda ya auri 'yar gwamnan, surukinsa.
Shi ya ce a yaƙin Dutsen Giraufiyus, Kaledoniyawa, mutanen Sikotilan, 10,000 sun faɗi,
Rumawa kuwa 360 kacal, in ka bi lissafinsa.
Waɗanda suka tsira sun watse, sun cinna wa gidajensu wuta,
Ni hayaƙin gidajen nan ya tsaya mini a rai fiye da nasararsa.

Mai buɗe fage ya mayar:

Baba, maganarka dutse ce, sai dai ƙasa ma ta yi shaida,
Domin sansanin Inchtuthil a Sikotilan an tono shi, an gani ƙarara.
Dubban ɗaruruwan ƙusoshi Rumawa suka binne a rami
Da za su janye, don kada abokan gaba su sami ƙarfen ƙira.
Sarkin Rum Domishiyan ya kira Agirikola gida, bai sake ba shi runduna ba,
Ya rasu a shekara ta 93, ya daɗe da kwance ɗamara.