Haƙorin yarona ya fara baƙi, ko dabino ne?

Maman Biyu (Makka): Assalamu alaikum 'yan uwa. Yarona ɗan shekara 7, turmin haƙorinsa ya fara baƙi. Alawa kam ba na saya masa, amma dabino da shayi mai sukari ba sa barin hannunsa tun safe har bayan isha'i. Dabinon ne?

Baban Ummi (Jidda): Wa alaikumussalam Hajiya. Ci-kaɗan-kaɗan ɗin nan ne matsalar. Duk lokacin da zaƙi ya shiga baki, ƙwayoyin cuta na mayar da shi asid, shi kuma ya riƙa cin jikin haƙori. Yawu ne ke wanke asid ɗin, ya mayar wa haƙori kalsiyam da fosfet, sinadaran da ke ƙarfafa shi, amma sai ya samu kamar rabin awa zuwa awa ɗaya. Yaron da ke tsotsar dabino kowane lokaci bai ba yawun dama ba. Ki riƙa ba shi tare da abinci.

Inna (Madina): Na dare ya fi ɓarna, 'yata, don yawu na raguwa in an yi barci. Kafin ya kwanta ya goge da man goge baki mai fulorayid (sinadarin da ke kare haƙori), daga nan sai ruwa kawai. In yunwa ta taso tsakanin abinci, ga cuku, ga gyaɗa, ga laban (nono) marar sukari.

Maman Biyu: To asuwaki fa, Inna?

Inna: Ya ci gaba, yana tsinko yawu. Amma wanda ya riga ya yi baƙin nan, ki kai shi likitan haƙori ya duba.