Matuƙin da ya ƙi karɓar laima: jarumi ne ko a'a?

Ɗalibin Tarihi: Assalamu alaikum. Abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda Birtaniya ta yi watsi da samarin da suka tuƙa mata jiragen luguden bama-bamai a Yaƙin Duniya na Biyu. Ku dubi Leslie Manser, wanda aka haifa a Delhi a 1922. A daren 30 ga Mayu 1942, yana ɗan shekara 20, ya tashi da jirgi samfurin Manchester cikin jirage 1,047 da aka tura birnin Kolon na Jamus. Bayan ya saki bama-bamansa daga nisan ƙafa 7,000 a sama, harbin ƙasa ya same su, injin hagu ya kama da wuta, amma ya lallaɓa jirgin har Beljiyam, sannan ya umarci mutanensa shida su dira. Da mataimakinsa ya miƙa masa laimar sauka sai ya ƙi karɓa, domin da ya sake jirgin da ya kife kafin na ƙarshensu ya fita. Duk sun tsira, shi kaɗai ya mutu. Mutum 55,573 rundunar jiragen luguden bama-bamai ta Birtaniya ta rasa a yaƙin, cikinsu har da wannan jarumi, amma ba a gina musu abin tunawa a Landan ba sai 2012. Wannan butulci ne.

Malamar Makaranta: Malam, ban yarda da "jarumi" ba. Ka ƙirga mutum shida da ya ceta, amma ba ka ƙirga waɗanda suke ƙarƙashin jirginsa ba. A daren nan kusan mutum 470 ne suka mutu a Kolon, yawancinsu fararen hula, kimanin 45,000 kuma suka wayi gari ba su da muhalli. Ba kuskuren saiti ba ne, domin tun a Fabrairun 1942 aka ba rundunar umarnin ta riƙa nufar unguwannin ma'aikata don a karya musu zuciya, kuma kwamandanta Arthur Harris ya aiwatar da umarnin da hannu biyu.

Tsohon Soja: Hajiya, ki yi haƙuri, soja ba ya zaɓen inda za a tura shi. Idan akwai laifi a wannan tsari, to na Harris ne da waɗanda suka naɗa shi. Abin da ke hannun yaron nan shi ne mintunan ƙarshe, lokacin da laima take gabansa, ƙofa a buɗe, ya zaɓi ya zauna. Kuma kada a manta Jamus ce ta fara, domin luguden da ta yi wa Landan da sauran birane a 1940 da 1941 ya kashe fiye da mutum 40,000.

Jikan Ɗan Burma: Ni mamaki nake yadda muke ɓata yawu a kan ko Bature jarumi ne. Kakanninmu na Runduna ta 81 da ta 82 ta sojojin Afirka ta Yamma sun keta dazukan Arakan da kwarin Kaladan a Burma ɗauke da kaya a ka, suna faɗa da Japanawa, a kan albashin da bai kai na farar fata ba. Manser ya samu Victoria Cross, babbar lambar jarumta ta Birtaniya, a Oktoban 1942, kabarinsa yana Heverlee a Beljiyam ana share shi har yau. A cikinku wa zai iya kiran sunan sojan Najeriya ɗaya da aka binne a Burma? Har yanzu akwai masu yi wa Turawa kuka fiye da Turawan kansu.

Ɗalibin Tarihi: Ɗan'uwa, wannan habaici bai dace ba. Tun 2002 aka buɗe ƙofofin tunawa da sojojin Afirka da Indiya da Karibiyan a Landan, dab da wurin da aka gina na matuƙan bayan shekara goma. Ke nan naka kakannin sun riga su.

Jikan Ɗan Burma: Ginshiƙin dutse a Landan bai taɓa ciyar da tsohon soja a Kano ko Zariya ba. Kakana ya dawo, ya mutu yana gadi.

Malamar Makaranta: Ranka ya daɗe Tsohon Soja, idan "shi ya fara" hujja ce, to kowane mai kisa yana da ita. Kuma labarin laimar nan daga bakin mutanensa biyar da suka kuɓuce wa Jamusawa suka koma gida aka ji shi, a daidai lokacin da gwamnati take neman gwarzon da za ta nuna wa jama'a.

Tsohon Soja: Yanzu kuma shaidun kike ƙaryatawa? Wanda bai taɓa jin ƙarar harsashi ba, sauƙi gare shi ya raba lambar jarumta daga kan kujera.

Malamar Makaranta: Matan Kolon ma ba su taɓa riƙe bindiga ba, amma sun ji ƙarar. Ban ƙaryata kowa ba, kuma ba sai na sa kaki zan yi magana ba. Shi kansa Firayim Ministan Birtaniya Churchill, bayan an kashe kimanin mutum 25,000 a luguden birnin Dresden na Jamus a Fabrairun 1945, bai ambaci aikin wannan runduna a jawabinsa na nasara ba. Kunya ce ta jawo jinkirin da Malam yake kira butulci.

Mai Kula da Zaure: Jama'a, a nan za mu tsaya. Kamar yadda kowa ya gani, an yi ittifaƙi cewa Manser jarumi ne, tunda babu wanda ya kawo hujjar da ta rushe labarin laimar, kuma Tsohon Soja, wanda shi ne ya san aikin, ya warware komai. Hajiya ta kawo alƙaluma masu amfani, sai dai tausayi irin na iyaye mata ya rinjaye ta. Maganar Burma ba muhallinta ba ne, mai so ya buɗe mata zaure daban.